Malam Aminu Kano: Rayuwarsa da Siyasarsa, da Yadda Suka Shafi Mulkin Gunduma

An shirya wannan bayani domin hakimai da dagatai da malaman da ke riƙe da littattafan gunduma, musamman na ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, kamar Dawanau da sauran garuruwan Dawakin Tofa. Sunan Malam Aminu Kano ba ɓoyayye ba ne. Da shi a ke kiran filin jirgin sama na Kano, da babban asibitin koyarwa na birnin. Amma da yawa cikin masu ambaton sunan ba su lura ba cewa mafi yawan abin da ya yi fama a kansa a ofishin hakimi da zauren dagaci ya ke, watau kuɗin haraji, da shari'ar alkali, da aikin da a ke sa talaka ba lada. Wanda ya bi tarihinsa zai gane dalilin da ya sa aikin hakimin yau ya bambanta da na kakansa, zai kuma gane abin da ya rage a hannunsa wanda ya wajaba ya tsare.

Ƙasar da Ya Tashi Ya Tarar

Turawa sun ci Kano cikin watan Fabrairu na shekara ta 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka ɗora mulkinsu a kanta. Kafin zuwansu hakimai a birni su ke zaune, kowanne da garuruwansa a warwatse, jakadu ne ke kai da kawowa tsakaninsa da su. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka haɗa garuruwa gunduma gunduma, aka fitar da hakimai su zauna cikin ƙasashensu, aka kawar da jakadu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa masu sarauta albashi. Wannan tsari shi ne En'e. Sarki ne shugabanta, ƙarƙashinsa akwai hakimi da dagaci da mai unguwa, a gefe kuma Razdan da Di'o suna duba aiki. Kotunan alkalai, da 'yan doka, da gidan yari, duk na En'e ne.

A ƙasa irin ta Dawanau gonaki manne su ke da juna, ba a barin fili ya huta. Manomi yakan ɗauko taki daga birni a kan jaki kowace shekara, ya noma gero da dawa da wake domin ci, gyaɗa kuwa domin kuɗi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin biyan haraji. Da kaka ta yi sai a fara karɓa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya rubuta, sa'an nan a kai Baitulmali. Masu shanu kuma su biya jangali da damina.

A takarda tsarin ba shi da aibi mai yawa, wajen aiki ne ɓarna ta ke shiga. Manomin da bai yi boko ba ba ya iya karanta rasit, bai kuma san adadin da aka yanka wa garinsu ba. Akan karɓi fiye da abin da aka rubuta. Akan sa mutane noman gandun mai sarauta ko gyaran hanya ba ko anini. In mutum ya ƙi, ɗan dokan En'e ne zai kama shi, alkalin En'e ne zai yi masa shari'a, gidan yarin En'e ne zai tsare shi. Akwai hakimai masu adalci da yawa waɗanda ba su yarda a yi haka a ƙasarsu ba. Amma tsarin bai bar wa talaka ƙofar da zai bi ba in ya gamu da wanda ba ya jin tsoron zalunci.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, mufti a kotun alkali. Danginsu Fulani ne Gyanawa, waɗanda aka sani da karatu da alkalanci. Saboda haka a cikin gidan shari'a ya buɗe ido, tun yana yaro ya ke jin yadda a ke yanke hukunci da yadda a ke ba da muƙami a En'e. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami.

Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro, kāna aka sa shi makarantar Shahuci a 1930. Daga nan ya shiga Midil ta Kano a 1933, sa'an nan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Wannan kwaleji ita ce wadda a da ta ke Katsina, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu kafinsa. A can ya fara shirya wasannin kwaikwayo da Hausa, yana nuna ha'incin kasuwa da halin masu danne na ƙasa da su. Ilmi biyun nan da ya haɗa, na Arabiyya da na boko, su ne jarinsa har ƙarshen ransa. In ya tsaya gaban Bature ya yi masa magana da dokar Ingila, in ya tsaya gaban alkali ya kawo masa hujja daga littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi na Gwandu a kan haƙƙin talakawa bisa shugabanni.

Bauchi, London da Maru

Da ya gama kwaleji sai aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942. A nan ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa. Na ɗaya Malam Abubakar Tafawa Balewa, wanda su ke koyarwa tare. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, malami mai zurfin ilmi da kaifin harshe. A 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa a Bauchi da yardar hukuma, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawa su ke zama su yi muhawara kan al'amuran ƙasa. A wani zama Malam Aminu ya tambaya a gaya masa ƙa'idar da a ke bi wajen yanka albashin sarki. Ba a daɗe ba aka rufe zauren. Tambayar kuwa ta nuna inda tunaninsa ya dosa, watau kuɗin Baitulmali na jama'a ne, kuma wanda ya biya yana da ikon ya ji yadda aka kashe.

A 1946 ya sami tafiya Ingila, ya yi shekara guda yana karatun aikin koyarwa a Jami'ar London. Lokacin jam'iyyar Leba ce ke mulki, Indiya kuma tana gab da samun mulkin kai. Ya zauna da 'yan siyasar Ingila da ɗaliban ƙasashen da ke ƙarƙashin Turawa, ya kuma karanta hanyar Mahatma Gandhi ta yin tsayayya da zalunci ba da makami ba. Bayan dawowarsa ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Sa'an nan aka kai shi Maru cikin Lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai. A can ma bai fasa magana kan aikin tilas da ƙwacen gonaki ba, har zamansa da hukuma ya yi tsami.

Kafa Jam'iyyar NEPU

A 1949 'yan bokon Arewa suka haɗu a Kaduna suka tabbatar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda a lokacin ƙungiyar zumunta ce. Malam Aminu da Malam Sa'adu suna ciki. Amma tun farko ra'ayi ya rabu. Waɗansu na son a bi sarakuna a hankali a yi gyara, waɗansu na ganin gyaran ba zai zo ba sai an matsa.

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, mutum takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda jama'a suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Su ne Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Maitama Sule, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Musa Kaula, da Baballiya Manaja. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin, gama yana Maru yana aikin Gwamnati. Ya ajiye aikin a ƙarshen shekarar ya dawo Kano, a 1953 kuma aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar. Alamarta tauraro, kirarinta Sawaba.

Takardar manufofin da jam'iyyar ta fitar a 1950 ta raba jama'ar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa, ta ce talakawa ne da kansu za su ƙwaci 'yancinsu ta hanyar ƙuri'a. Manyan buƙatunta su ne waɗannan:

1. A riƙa zaɓen majalisun En'e da na gunduma, kada a bar su ga naɗi.
2. Kowane baligi ya jefa ƙuri'arsa da kansa, a asirce.
3. A raba kotu da ikon sarki da hakimi.
4. A hana aikin tilas, a sauƙaƙa haraji da jangali.
5. A ba kowa ilmi, maza da mata, a kuma ba mata ƙuri'a.

A wannan wata na Agusta ɗin Malam Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a Majalisar Dokoki ta Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ashe ciwon kowa ya gan shi, wajen magani ne aka saɓa. A watan Oktoba na 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa sosai, watau NPC, ta kuma sami goyon bayan sarakuna da ma'aikatan En'e.

Zaɓe da Wahalolinsa

Zaɓen farko na Jihar Arewa an yi shi a 1951, hawa hawa. Mutanen ƙauye ko unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi waɗansu a gunduma, haka har a kai taron lardi, wanda shi ne zai fitar da 'yan majalisa. A hawan farko ba a asirce a ke zaɓen ba, a gaban dagaci a ke yi. A hawan ƙarshe kuma an yarje wa En'e ta ƙara nata mutane, kashi 10 cikin 100 na taron. NEPU ta yi rinjaye a matakan farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe, cikin kujeru 20 na Lardin Kano ba ta sami ko ɗaya ba.

Shekarun da suka biyo sun yi wa 'yan jam'iyyar tsanani. Ba a yin taro sai da izinin En'e, En'e kuwa ita ce abin da a ke suka. An ɗaure mutane da yawa bisa laifin taro ba izini ko zagin masu sarauta, an yi wa waɗansu bulala, waɗansu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A ƙauye abin ya fi ciwo, domin manomi ba ya iya ɗaukar gonarsa ya gudu. Duk da haka jam'iyyar ta shiga cikin maɗinka da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai, su kuma suka kai ta kasuwannin ƙauye.

Malam Aminu ya halarci taron tsarin mulki na London a 1953 da sunan NEPU. A 1954 ya tsaya zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko, Malam Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi. A 1956 ya tsaya zaɓen Majalisar Kaduna, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959, da aka yi zaɓen da kowane namiji baligi ya jefa ƙuri'arsa cikin akwati a asirce, ya ci kujerar Kano ta Gabas. NEPU ta sami kujeru 8 cikin 174 na Arewa.

Hujjar Abokan Hamayyarsa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa waɗanda suka yi jayayya da shi duk masu son zalunci ne. Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, shi kansa ya riƙe hakimcin Rabah tun 1934. A 1943 kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi kan kuɗin jangali, ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya aka wanke shi. Ya san kotun En'e ciki da bai. Ra'ayinsa da na jam'iyyarsa shi ne Arewa ba ta da isassun 'yan boko, En'e ce kaɗai hukumar da ta kai kowane ƙauye, in aka rushe ta da gaggawa ma'aikatan Kudu ne za su cike gurbin. Ƙawancen da NEPU ta ƙulla da jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe a 1954 ya ba su abin nunawa. Haka kuma waɗansu 'yan NEPU sun wuce iyaka wajen baƙar magana, abin da ya sa dattawa da yawa suka guje su.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi nata gyaran. A 1952 an kawar da dokar da ta mai da sarki shi kaɗai ne En'e, aka ce sai tare da majalisarsa. A 1954 aka yi sabuwar Dokar En'e, aka faɗaɗa majalisun gunduma, aka tsananta yaƙi da jahilci. Bayan binciken kuɗin En'e ta Kano da aka yi a 1962, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Sai dai wannan gyara ikon Kaduna ya ƙara a kan sarakuna, Malam Aminu kuwa ikon talaka ya ke so a ƙara.

Kwatanci da Ƙasar Bengal

Irin wannan shugaba ba Kano kaɗai ta yi shi ba. A Bengal, gabashin Indiya, inda su ma Ingilishi suka mulka, an yi wani lauya, A. K. Fazlul Huq, wanda aka haifa a 1873. A can tun 1793 Turawa suka damƙa ƙasa ga manyan masu filaye, manomi ɗan haya ne, ga kuɗin haya ga bashi da ruwa. Fazlul Huq ya jagoranci jam'iyyar manoma da 'yan haya, bayan zaɓen 1937 ya zama Firimiyan Bengal har 1943. A zamaninsa aka baza kwamitocin sasanta bashi cikin ƙauyuka, aka kuma rage ikon masu filaye a kan 'yan haya. Shi ne ya gabatar da ƙudurin Lahore a 1940, wanda ya share hanyar kafa Pakistan. Ya rasu a Dhaka a 1962.

Akwai bambanci biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, manomin Bengal ba shi da gona, na Dawanau kuwa gonarsa gadonsa ce, nauyinsa ta hanyar haraji da kotu da aikin tilas ya ke zuwa. Saboda haka can faɗan na mallakar ƙasa ne, nan kuwa na yadda a ke mulki ne. Na biyu, Fazlul Huq ya hau mulki, amma sai da ya haɗa gwamnati da masu filayen da ya ke suka, don haka ba a soke tsarinsu ba sai a 1950, bayan ya sauka da daɗewa. Malam Aminu bai taɓa riƙe gwamnatin jiharsa ba. Dukansu biyu sun nuna cewa da zarar an ba manomi ƙuri'a, tilas mai mulki ya saurari kukansa, ko ba yau ba.

Bayan Mulkin Kai

Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris, 1959, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba, 1960. NPC da NCNC ne suka haɗa Gwamnatin Tarayya, wannan ya jefa Malam Aminu cikin wani hali mai wuya. A Ikko yana ɓangaren Gwamnati, har an ba shi aikin tsawatar da 'yan majalisa, yana kuma wakiltar Nijeriya a tarurrukan Majalisar Ɗinkin Duniya. A Arewa kuwa mutanensa na shan ɗauri a hannun abokan gwamnatin nan. Ƙarfin NEPU ya ragu ƙwarai a zaɓen jiha na 1961, shi kuma ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964.

Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, aka kuma soke jam'iyyu. Ran 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jiha 12, Kano ta zama jiha, Alhaji Audu Bako ya zama gwamnanta. A wannan shekara aka naɗa Malam Aminu Kwamishinan Tarayya na Sadarwa, a 1971 aka mai da shi na Lafiya, ya riƙe har 1974.

Cikin wannan zamani na soja ne aka aiwatar da mafi yawan abin da NEPU ta nema. Daga 1968 kotunan alkalai suka koma hannun gwamnatin jiha, aka rufe kotunan sarakuna. 'Yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma na Tarayya. A 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, Dawakin Tofa tana cikin na farko a Jihar Kano. A wannan shekara kuma matan Arewa suka sami ikon jefa ƙuri'a. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna da ƙaramar hukuma.

Jam'iyyar PRP da Ƙarshen Rayuwarsa

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam Aminu ya kafa jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, bayan kotu ta kawar da tangarɗar da hukumar zaɓe ta kawo kan takardunsa na haraji. Ya sami wajen kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa duka, amma a Jihar Kano ya haura kashi 76. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya ci zaɓen, bai kai kashi 20 ba a Kano, wannan ne ma ya jawo shari'ar nan ta kashi biyu cikin uku na jiha 19 wadda ta kai Kotun Ƙoli.

PRP ta ci gwamna biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu a watan Oktoba na 1979 suka soke haraji da jangali. Abin da aka fara kuka a kansa shekara 29 da suka wuce ya tabbata da sa hannu ɗaya.

Amma daɗin bai daɗe ba. Daga 1980 jam'iyyar ta rabe biyu kan yadda za a zauna da sauran jam'iyyu, 'yan Taɓo tare da Malam, 'yan Santsi tare da gwamnonin. An tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. A watan Yuli kuma, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Kano ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta tashi a birni, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Wannan ya nuna cewa jama'ar da suka zaɓi PRP ba su yarda a wulaƙanta sarauta ba, ko da ya ke sun ƙi zaluncin da a ke yi da sunanta.

Malam Aminu ya ci gaba da zama a gidansa na Gwammaja, yana karɓar jama'a, yana tafsiri da azumi, ba ya tara dukiya. Yana shirin zaɓen 1983, har ya ɗauki mace ta zama mataimakiyarsa a takara, sai ajali ya riske shi ran 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. A gidan aka binne shi. Gidan shi ne Mambayya, wanda ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Allah ya ji ƙansa.

Abin da Ya Rage ga Hakimi da Malaminsa

Wanda ya ƙidaya zaɓuɓɓukan da Malam Aminu ya tsaya zai ga faɗuwarsa ta fi cinsa yawa. Wanda kuwa ya ɗauki buƙatun nan biyar ya duba zai ga an raba kotu da sarauta, an daina aikin tilas, an soke harajin kai, mata na jefa ƙuri'a. Zaɓen ƙananan hukumomi da ilmin kowa da kowa suna cikin doka, ko da ya ke aikinsu bai cika ba. Sarauta kuwa ba ta mutu ba. An ɗauke mata ɗan doka da kotu da gidan yari da jakar haraji, aka bar ta da abu ɗaya, watau amincewar jama'a.

Wannan amincewa tana da aiki babba. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004, hakimai da dagatai da masu unguwanni na cikin waɗanda suka bi gida gida har iyaye suka yarda. A 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya. Ba da bulala aka yi wannan ba.

A Dawanau gwajin ya fi na ko'ina tsanani. Kasuwar hatsin da aka kafa a nan cikin shekarun 1980 ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, birni kuma yana ta matsowa ta hanyar Katsina. Gonar da a da a ke auna ta da damin gero yanzu fuloti a ke yankawa a cikinta. Rigimar iyaka da ta gado da ta sayar da fili sau biyu, yawancinsu gaban mai unguwa da dagaci da hakimi su ke fara zuwa, kuma shaidarsu ce kotu ta kan nema. Saboda haka ya kamata a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Kada a sa hannu kan cinikin gona sai an ji daga bakin dukan magada, har da mata da marayu.
2. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan hukuma a ba da rasit, a karanta wa mai biya in bai iya karatu ba.
3. Malamin gunduma ya rubuta kowane sulhu da kwanan watansa da sunayen shaidu, ya ajiye inda za a same shi bayan shekaru.
4. Kada a tambayi mai ƙara jam'iyyarsa, kada kuma a hana wani taro a bar wani.
5. Wanda bai gamsu da sulhu ba a nuna masa hanyar kotu, kada a riƙe shi da fushi.

Tambayar da wani malamin makaranta ya yi a Bauchi aka rufe zaure saboda ita, yau kowane manomi yana da ikon yinta, game da kuɗinsa da gonarsa da haƙƙinsa. Hakimin da littafinsa ya ke a buɗe, malaminsa kuma ya rubuta gaskiya, ba shi da abin jin tsoro ran da aka yi masa ita.